Minti Ukun Sailuba

Duk wata Bahaushiya da ke zaune tsakanin Maryland da Virginia ta san ƙofar Sailuba a Hyattsville: bene na biyu, ƙofa ta uku a hannun hagu, inda ƙarar keken ɗinki ke tarbar mutum tun daga matattakala. Idan sallah ta matso ko an sa ranar biki, nan ake tururuwa da leshi da atamfa, kowacce tana rantsuwa nata ne na gaggawa. Ita kuwa mace ce gajera mai yawan dariya, kullum da allura soke a gefen mayafinta. Za ta zuba maka shayi, ta tambaye ka mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda kai kanka ka manta rabonka da kiran su.

Abu biyu ne masu kawo ɗinki suka kasa gane mata. Na farko, ranar Talata ba a samun ta, ko da jajibirin sallah ne. Na biyu, ba ta ƙaunar ɗan agogon nan na kicin da ake murɗawa ya yi ƙara idan ƙwai ya dahu. 'Yarta Afnan ta taɓa sayo mata ɗaya, ta mayar da shi kwalinsa ta tura can bayan kabad, wai ita hancinta ya ishe ta sanin girki ya yi. Ba gaskiya ba ne, don ta sha ƙona shinkafa.

'Yar Fagge ce, a gidan teloli aka haife ta, ta iya zura zare a allura kafin ta iya rubuta sunanta. A 2001 ta biyo mijinta Auwalu, injiniya a wani kamfanin gina gidaje, tana riƙe da Afnan 'yar shekara uku. Shekara biyu ta yi tana gadin ɗaki, daga taga sai talabijin. Ran nan tana cikin jirgin ƙasa na Green Line, sai wata doguwar mata baƙar fata, mai furfura, da tabarau rataye a wuya, ta kama mata hannun riga ba sallama ba komai, ta juya bakin ɗinkin ta ciki tana dubawa kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa.

"Wa ya ɗinka wannan?" in ji matar.

Sailuba ta tattaro guntun Turancinta na sakandare ta ce ita ce.

"Da hannu?"

"Da hannu."

"Sunana Edna. Gobe ƙarfe tara ki same ni a nan." Ta rubuta adireshi a bayan wata takarda ta danƙa mata, ta sauka a tasha ta gaba ko waiwaye babu.

Wurin tsohon sito ne na kayan katako da aka mayar gidan wasa mai kujera ɗari biyu. Wani siririn Bature mai suna Alexander ke shugabantar ƙungiyar, abin da suke yi kuma shi ake kira opera. Wasan kwaikwayo ne, sai dai ba a magana, komai da waƙa ake faɗa. Ko ruwa mutum zai ce a miƙo masa, sai ya rera. Ranar da Sailuba ta fara leƙawa, ta ga an soka wa wani ƙato wuƙar katako a ƙirji. Maimakon bawan Allah ya faɗi ya huta, sai ya dafe wurin ya kwashe minti goma yana kwarara waƙa, sannan ya mutu, sannan ya tashi ya rusuna aka tafa masa. Da ta koma gida ta ba Auwalu labari, dariya suka yi har maƙwabci ya buga bango.

Kuɗin tikiti ba ya riƙe irin wannan wuri. Abin da ke riƙe da shi tallafi ne da wani kwamitin hukuma ke warewa duk shekara daga harajin jama'a, bisa sharaɗin a sauƙaƙa tikiti, a kuma riƙa kawo 'yan makaranta su kalla kyauta. Da tallafin ake kunna wuta, da shi ake biyan mutum biyun da ke ɗakin ɗinki a bayan dandali, wato Edna da sabuwar abokiyar aikinta. Edna ta gwada kiran sunan sau uku ya gagare ta, ta yanke shi ya koma Luba. Sailuba ba ta gyara mata ba, don da ma haka kakarta ke kiran ta.

Ɗinkinta na farko abin kunya ya jawo mata. Aka ba ta rigar wata mawaƙiya mai suna Irene, ta auna ta tsaf, ta ɗinka mata riga ɗamas a jiki irin wadda amaren Kano ke faɗa a kanta. Irene ta sa, ta hau dandali wajen gwaji, ta ja numfashi za ta ɗaga murya, sai ji kake ɓarrr, rigar ta buɗe daga wuya har ƙugu. Sailuba ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta ɗauki jakarta ta nufi ƙofa, don ta san ko a Fagge ne wannan kora ce.

Edna ta tare ƙofar. "Ina za ki? Dawo ki ga inda kika yi kuskure." Ta kira Irene, ta zagaya mata tef a haƙarƙari, ta ce ta ja numfashin waƙa. Tef ɗin ya buɗe da kusan inci uku. "Kin gani? Mai waƙa ba a auna shi yana tsaye shiru. Sai ya cika ƙirji."

Haka ta yi ta koya mata, da faɗa da tsaki da ɗan biskit a aljihu. Ba a yanke rarar yadi a cikin ɗinki, ninke shi ake yi a ɓoye, don wanda zai sa rigar baɗi wataƙila ya fi na bana ƙiba. Ba a sa maɓalli inda za a canza kaya cikin sauri. A cikin wuyan kowace riga kuma akwai farin ƙyalle da Edna ke rubuta sunan duk wanda ya taɓa sa ta, da shekarar, wasu sunayen tun kafin a yi wa Sailuba yaye. Shekara talatin Edna ta yi tana tara rigunan nan, fiye da ɗari huɗu, kowacce ta san ta kamar 'yar cikinta. Da aka tashi yin wasan da ke da sarki a ciki, Sailuba ta zauna sati uku ta yi wa alkyabbarsa aikin hannu irin na babbar riga. Edna ta daɗe tana kallo. Washegari Sailuba ta juya wuyan alkyabbar ta ga an rubuta, can sama da sunan mawaƙin: Luba, 2005.

Ba ta taɓa zama a kujerar 'yan kallo ba. Ta bayan bango take ji, allura a hannu, tana jiran wanda zai shigo a guje da yagaggen hannun riga. Amma a hankali abin ya shige ta. Ba ta jin yaren da suke waƙar da shi, sai dai akwai inda idan Irene ta ja murya ta siranta ta, sai Sailuba ta tsinci kanta ta daina ɗinki tana tuna mahaifiyarta. Ba ta faɗa wa kowa wannan ba, don ta san dariya za a yi mata.

A ƙarshen 2008 harkar gidaje ta rushe, kamfanin su Auwalu ya sallami mutum arba'in rana guda, har da shi. Ya shigo gida da kwali a hannu, ya ajiye a bayan ƙofa, ya zauna bai cire takalmi ba.

"Sailuba," ya ce, "abin nan tsakanina da ke ne. Kada kowa ya ji."

"Wa zan faɗa wa, Baban Afnan? Allah ya rufa asiri."

Ta kuwa riƙe. Kullum da safe sai ta goge masa riga, ya ɗaura lakataye a wuya, ya ɗauki jaka ya fita kamar da, ya je ɗakin karatu na unguwa ya wuni yana cike takardun neman aiki. Ranar Juma'a ya je masallaci da katin tsohon kamfanin rataye a wuya. Idan mata suka tambaye ta Injiniya, sai ta ce yana nan yana fama da aiki, su ce ai haka Amurka take.

Edna ce kawai ta gano, ita ma ba faɗa mata aka yi ba. Ta lura Sailuba ta daina zuwa da abincin rana tana cewa azumi take, azumin da ba ya ƙarewa. Ta rufe ƙofar ɗakin ɗinki ta titsiye ta har ta yi kuka ta faɗa. Edna ba ta ce sannu ba. Ta tashi ta shiga ofishin Alexander, aka ji muryarta ta bango, ta fito ta ce daga Litinin Luba ta zama cikakkiyar ma'aikaciya. Sai daga baya Sailuba ta gane cewa kwana biyu daga cikin kwanakin aikinta Edna ta yanka ta ba ta. Shekara ɗaya da rabi ɗakin ɗinkin nan ne ya ciyar da gidan Injiniya Auwalu, ba wanda ya sani.

Ana shiga 2010 labari ya zo cewa aljihun hukuma ya yi ƙasa, kwamiti zai rage tallafi, wasu ma a yanke musu gaba ɗaya. Amma kafin a yanke za a yi zaman sauraron jama'a, duk mai magana a ba shi minti uku, ba ƙari ko sakan ɗaya. Alexander ya zo da takardu cike da lissafi. Edna ta ture su gefe.

"Lissafi sun gaji da ji. A wurinsu opera wasan masu kuɗi ne da ke zuwa su yi gyangyaɗi. Mutum za mu kai musu, su gan shi da ido." Ta juya ta kalli Sailuba. "Ba dole. Amma idan kika faɗa musu abin da ɗakin nan ya yi wa gidanki, za su ji."

Sailuba ta kwana biyu tana juya maganar. Ta yi wa Auwalu alkawari, gaskiya ne. Amma su wa za su ji? Turawa biyar a bayan tebur, waɗanda ba su san Auwalu ba, ba su san Fagge ba, ba kuma za su sake ganin ta ba. Ta ce wa Edna ta yarda. Shi kuwa maigidan ce masa ta yi za ta je taron wurin aiki, ya ce Allah ya kiyaye hanya.

Tare suka rubuta jawabin a takarda ɗaya. Edna ta kawo agogon kicinta mai siffar kaza, ta girke a kan teburin yanka. Kullum bayan an tashi aiki sai ta murɗa shi zuwa uku, Sailuba ta miƙe ta karanta. Ranar farko kazar ta yi ƙara tana tsakiyar gaishe da shugabar kwamiti.

"Luba, na san ki," in ji Edna. "Ke idan gobara ta tashi, sai kin tambayi 'yan kwana-kwana iyalinsu kafin ki nuna musu wutar. Ban da gaisuwa. Sunanki, sai magana."

"Haba Edna, manya ne fa. Ya za a yi in tsaya gabansu kamar wadda ta zo karɓar haƙƙi?"

"Haƙƙin kika zo karɓa. Sake."

Sati biyu suna yi, har ta haddace shi kamar karatun allo.

Ranar zaman, da la'asar, Edna ta ɗauke ta a tsohuwar motarta. Zauren ya cika, don ba masu wasa kaɗai suka zo ba, duk wanda ke cin tallafin hukuma ya zo kare nasa. A gaban abin magana akwai fitila uku, kore da rawaya da ja, masu nuna wa mai magana lokacinsa. Sailuba na neman wurin zama sai ta ji an ce da Hausa, "A'a! Maman Afnan?"

Ta waiwaya. A layi na uku ga Dokta Fatihu, babban likita, dattijon da duk Bahaushen yankin ke kai wa gaisuwar sallah, wanda shi ya raɗa wa rabin yaran da aka haifa a nan suna. Ya zo ne neman kada a taɓa tallafin wani ɗan asibitin kyauta da yake duba baƙi marasa inshora. Kusa da shi ga matarsa Hajiya Furera, ta riga ta ɗauke jakarta daga kujera tana yafito ta.

Sailuba ta je ta durƙusa ta gaishe su.

"Lafiya lau, 'yata," in ji Hajiya. "Ya Afnan? Ya Injiniya da aiki?"

"Lafiya lau, Hajiya. Yana can wajen aikin."

"Madalla. Allah ya yi albarka."

Ta zauna ta dubi takardar da ke hannunta. Layi na huɗu na jawabin cewa yake: mijina ya rasa aikinsa wata goma sha shida da suka wuce. Yanzun nan bakinta ya gama cewa yana wajen aiki. Ta hango Auwalu ranar Juma'a da katin nan a wuya, yana miƙa wa Dokta hannu biyu. Ta hango maganar ta bar zauren nan a jakar Hajiya, ta isa gidajen Hausawan Takoma Park kafin magariba, ta kwana a Springfield, jibi a ji ta a Kano.

Aka kira sunanta. Ta miƙe, kore ta kama. Can gefe Edna ta ɗaga mata babban yatsa.

Sailuba ta ninke takardar biyu, ta sake ninkewa. Ta gaishe da shugabar kwamiti. Ta gaishe da sauran huɗun ɗaya bayan ɗaya, tana karanto sunayensu daga allunan da ke gabansu. Ta gaishe da iyayenta, su Dokta, da ke zaune a layi na uku, Dokta ya gyaɗa kai cikin jin daɗi. Ta gode wa hukuma da ta karɓe su a ƙasar nan, ta gode da makarantar da 'yarta ke zuwa, har titi sai da ta gode da shi. Tana ji a jikinta lokaci na zuba, ba ta tsaya ba, don ta san muddin tana gaisuwa ba za ta iso layi na huɗu ba. Rawaya ta kama. Ta ce ita tela ce a gidan opera, aiki ne mai kyau, mutanen kirki ne. Ta yi shiru.

Shugabar kwamitin, wata dattijuwa mai sanyin murya, ta ga baƙuwa ce ta rikice, sai ta so ta taimaka mata. Ta sunkuyo ta ce, "Malama, faɗa mana a taƙaice. Idan aka yanke tallafin nan, me zai same ki, ke da gidanki?"

Ƙofa ce aka buɗe mata har bango. Kalma goma ta isa. Sailuba ta ji idon Hajiya Furera a bayan wuyanta.

"Babu abin da zai same mu, ranki ya daɗe," ta ce. "Mijina injiniya ne. Mu sai godiya."

Ja ta kama.

A mota Edna ta yi ta tuƙi har suka wuce fitilun hanya huɗu. Sannan ta ce, "Mayafinki ya maƙale a ƙofa." Shi ke nan abin da ta faɗa har Hyattsville. Da zagi ta yi, da Sailuba ta fi samun sauƙi.

Bayan sati uku sakamako ya fito. An raba ɗan abin da ya rage, asibitin Dokta ya tsira da rabi, gidan opera bai samu komai ba. Alexander, wanda ya je zaman yanke hukuncin, ya ce da ƙuri'a uku da biyu aka kayar da su, kuma ɗaya daga cikin ukun ya ce ai ma'aikaciyarsu da bakinta ta ce ba abin da zai same ta. Da ya ga yadda fuskar Sailuba ta koma, sai ya yi saurin cewa, "Kada ki ɗora wa kanki. Wataƙila sun riga sun yanke tun kafin mu je." Wannan wataƙilar ita ta hana ta sakat, don ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba.

Wata biyu bayan haka Auwalu ya samu aiki a wani kamfanin gyaran gadoji. Aka yi murna, aka yi sadaka. Ƙungiyar kuwa ta lallaɓa ta yi wasa ɗaya na bankwana, mai sito ya karɓi makullinsa. Rigunan Edna ɗari huɗu aka baje su a filin ajiye motoci ranar wata Asabar, aka yi gwanjonsu. Makarantu suka ɗebi wasu, sauran 'yan neman kayan shigar dodo na bikin Oktoba suka kwashe. Sailuba ba ta je ba, ta aika cewa zazzaɓi take. Lafiyarta ƙalau, tana kwance ne ta juya wa bango fuska. Har yau ba ta san wanda ya sayi alkyabbar sarki ba.

Edna ta kira ta sau uku a watan, ba ta ɗauka ba. Ta aiko da kati da ƙaramar sallah, ta aiko da babba, shekara biyu a jere, sannan ta daina. Labari ya iso wa Sailuba cewa Edna, tana da shekara sittin da biyu, ta samu aiki a bayan wani shagon wanki da guga a Springfield, tana rage tsawon wando da sa maɓalli. Tun daga nan idan suna ko biki ya kai Sailuba Springfield, sai ta sa Auwalu ya bi doguwar hanya, wai ta fi rashin cunkoso. Ta sayi keke ta fara ɗinki a gida, kasuwa ta buɗe mata. Duk rigar da ta ɗinka sai ta ninke rarar yadi a ciki, mata suna yabon cewa ɗinkinta ba ya matse mutum ko ya yi ƙiba, tana murmushi, ta san koyarwar Edna ce. Takardar nan kuwa tana cikin akwatin zare, a ninke huɗu.

Abin da take rarrashin kanta da shi guda ɗaya ne: ta rufa wa mijinta asiri. Ko ba komai, wannan ta yi shi.

A 2016 Afnan ta gama sakandare, aka yi walima a wani ɗakin taro a Takoma Park. Bayan an ci an sha, aka ba Dokta Fatihu abin magana ya yi wa yara nasiha. Ya yi ta jan hankalinsu a kan haƙuri, can sai ya nuna Auwalu.

"Ku dubi babanku Injiniya. Lokacin da aka yi laying ɗinsu off, aka sallame su, a satin farko ya zo ofishina ya zauna ya faɗa mini komai. Shekara ɗaya da rabi muna tura CV tare, bai taɓa gajiya ba. Yau ga shi."

Maza suka gyaɗa kai, irin gyaɗawar waɗanda suka daɗe da sanin zance. Sailuba na tsaye da farantin sambusa, ta ajiye shi. Hajiya Furera ta jawo ta ta zaunar kusa da ita.

"Hajiya... kun sani?"

"Haba 'yata, wa bai sani ba? Duk mun sani. Shiru muka yi don kada ki ji nauyi. Shi ya sa ko na gan ki nake tambayar aikinsa kamar kullum." Ta dafa mata gwiwa. "Wallahi ranar nan a gaban Turawan nan, da kika ce mijinki injiniya ne, sai da na ce wa Dokta, kai, yarinyar nan 'yar halak ce. Kin burge ni."

Sailuba ta ce ta gode. Ta tashi ta shiga banɗaki ta kulle, ta buɗe famfo don kada a ji.

A hanyar gida, Afnan na baya tana latsa waya, ta tambayi Auwalu a hankali, "Baban Afnan, me ya sa ba ka faɗa mini Dokta ya sani ba?"

Ya ɗan sosa ƙeya. "Kunyarki na ji. Na ce miki kada kowa ya ji, sai kuma a ce ni na fara kai maganar? Ai ya wuce. Wani abu ne?"

Ta kalli titi. Bai san da takardar ba, bai san da layi na huɗu ba. Ta ce ba komai.

Ranar Talata ta ɗauki takardar ta shiga jirgi, ta canza, ta hau bas, ta sauka a gaban shagon wanki da guga. Mai shagon ya nuna mata baya. Wani lungu ne tsakanin injina, zafi kamar gidan burodi. Edna na zaune ƙarƙashin fitila, ta rame, furfurar ta gama cinye kan. Wandon wani ne a cinyarta, tana ta auna ramin allura da zare, hannun na rawa, zaren na wucewa ta gefe. Kazar nan tana kan shiryayye kusa da kwalbar maɓallai.

Ta ɗago ta daɗe tana kallo ta saman tabarau. "Luba."

Sailuba ta buɗe baki za ta fara, ina wuni, ya jiki, ya bayan rabuwa. Ta haɗiye su duka. Ta miƙa hannu ta ɗauko kazar, ta murɗa ta zuwa uku, ta ajiye. Ta warware takardar, wadda ta kusa rabewa a kan ninkin.

"Sunana Sailuba Auwalu. Ni tela ce a gidan opera. Shekara bakwai ke nan ina aiki a can. Mijina ya rasa aikinsa wata goma sha shida da suka wuce."

Ta karanta yadda ɗakin ɗinki ya riƙe gidanta. Ta karanta yadda wata mata ta yanka kwanakin aikinta ta ba ta. Ta karanta zancen riguna ɗari huɗu da sunayen da ke wuyansu, da 'yan makarantar da ke shigowa suna ihu su fita shiru. Muryarta ta karye sau biyu, ba ta tsaya ba. Ta kai layin ƙarshe, inda ake roƙon kwamiti kada ya kashe wutar wurin. Ta yi shiru. Injin wanki na juyawa, kazar na ci gaba da ƙas-ƙas-ƙas.

Edna ta gyara tabarau, ta jawo agogon ta duba.

"Minti biyu da sakan arba'in," ta ce. "Da ya shiga cikin minti ukun. Har da ragowar da za ki gaishe su."

Ba ta ce ta yafe ba, ba ta kuma ce ba ta yafe ba, Sailuba ma ba ta tambaya ba, har yau. Kazar ta yi ƙara ta gaji ta yi shiru. Edna ta koma kan allurarta, zaren ya sake wucewa ta gefe. Sailuba ta jawo wani bokiti ta kife ta zauna, ta karɓi allurar daga hannunta ta zura, ta miƙa mata. Sannan ta jawo kwalin alluran gaba ɗaya, ta fara zura na sauran kwanakin sati tana soke su a jere.